Allon da Safiyatu Ta Wanke

Malam Badaru ya jingine fartanyarsa a zaure, ya miƙa hannu bayan buzu inda yake ajiye allon, bai ji komai ba. Ya ɗaga buzun ya kakkaɓe. Da ya leƙa cikin gida sai ga allon can jingine da randa yana shan rana, fari fes, ruwa na ɗiga daga gindinsa.

"Safiyatu! Wa ya taɓa min allon nan?"

Safiyatu ƙanwar matarsa Furera ce, jiya ta zo jinya daga Kunci. Ta fito daga madafa tana goge hannu da gefen zane, fuskarta a sake irin ta wadda ke jiran yabo.

"Ni ce, Malam. Na ga an gama rubutun an ajiye, ga Yaya tari ya ƙi barin ta. Shi ne na wanke na ba ta, ta shanye tas."

Malam ya ɗauki allon ya juya, ko ɗigon tawada bai saura ba. A gidan malami idan aka ga allo cike da tawada, ga kuma mara lafiya a kwance, me ake jira? Baiwar Allah ba ta yi komai ba sai abin da ta tashi ta ga ana yi. Sai dai abin da Furera ta sha da bisimilla ba aya ba ce, adireshin ɗansu Uwaisu ne da rubutun Rasha, kuma duk ƙasar Kunci babu wani kwafinsa.

Shekara uku ke nan da Uwaisu ya tafi Rasha karatun injinan noma. Furera ba ta so tafiyar ba. Ranar da zai tashi ya durƙusa a ƙofar ɗakinta har ƙafarsa ta yi tsami, ta juya masa baya, ko "Allah ya kiyaye hanya" ba ta ce ba. Daga nan ba ta ƙara tayar da zancensa ba, kuma ba wanda ya zarge ta, tunda ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Bana da ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a tsaye, sai ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Wata safiya ta ce, "Malam, a rubuta wa yaron nan. A ce na yafe, Allah ya yi masa albarka." Gara ta daɗe da cinye ambulan ɗin da Uwaisu ya taɓa aikowa. Hedimasta ya yi ƙoƙarin rubuta adireshin da boko har sau biyu, wasiƙun suka dawo da tambari a goshi.

Sai Allah ya kawo Basiru malamin gona, wanda ya yi karatu a makarantar da Uwaisu yake, har ya bar shi a ɗakin da ya zauna. Shi kuwa sallamar ma'aikata ta rutsa da shi, yana ɗaure kayansa zai koma garinsu can Gongola. Ambulan sai an yi saƙo Kano, takarda kuwa bana ko 'yan makaranta a ƙasa suke rubutu. Don haka a kan allo ya zana adireshin, ya ce a kwafa idan ambulan ya iso.

"Ba na kwafar harafin da ban san sunansa ba," in ji Malam. "Zauna ka biya min."

Yini uku suka yi a gindin darbejiya. Haruffa talatin da uku ne, daga hagu ake farawa. Basiru ya ce, "Baba Malam, kai ka huta da ba ka yi boko ba. Mu da muka je, wannan da muka sani da pa sai aka ce ra ne, wancan ha ɗin kuma na ne. Wata shida ina faɗa da idona." Ya ba shi labarin asalin rubutun: ɗaliban wani malamin Kirista mai suna Kiril ne suka ɗebi haruffan Girka, suka ƙara waɗanda bakin mutanensu ke buƙata, don a karanta musu addini da harshensu.

Malam ya gyaɗa kai. "Ashe su ma ajami suka yi."

Daga nan abin ya zo masa gida. Ya raɗa wa kowane harafi suna yadda ake yi wa na allo. Д ya zama rumbu, tunda ga shi zaune kan duwatsunsa. С jinjirin wata, О zobe, А bukka, У gwafa, Ж ƙwaro mai ƙafa shida. Bayan tafiyar Basiru ya yi kwana tara yana biya adireshin da ƙarfi a tsakar gida, har maƙwabta suka fara cewa fari ya taɓa Malam.

Yanzu ga ambulan a aljihunsa, guda ɗaya tal, da kan sarki a manne, wasiƙar ajami na ciki. Motar Kano za ta tashi bayan azahar, ba ta sake zuwa sai wani makon. Ya saurari tarin da ke fitowa daga ɗaki, tsoro ya kama shi, don bai ga alamar Furera za ta jira wani makon ba.

Safiyatu ta fahimci abin da ta yi, ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Rubutun Nasara na ba ta?"

"Bar kuka, ɗauko min tawada. Wanda ya haddace izu sittin, layi huɗu ba za su kayar da shi ba."

Ya zauna a ƙofar ɗakin Furera, ya fiƙe alƙalami, ya ɗora ambulan a bayan allon. Layin farko sunan ƙasa ne, jinjirin wata uku da ludayi, ya fita sumul. Na biyu sunan gari, Karasnodar, ya biya shi yana rangaji kamar mai tilawa, shi ma ya fita. Ya shiga na uku, sunan titi.

"Jinjirin wata, bukka, rumbu..."

Ya tsaya. Ya koma farko ya sake tahowa da gudu, ya sake cijewa a rumbu. Ashe kwana taran nan idonsa ne ke taya bakinsa bai sani ba. Gumi ya karyo masa. Ya rufe ido yana neman allon a zuciyarsa, ba ya ganin komai sai farin itace. Daga bakin kasuwa ya ji direba ya danna ham na farko.

"Zobe, Malam."

Muryar ta fito daga bayan asabari, siririya, a dishe. Ya ɗauka kunnensa ne.

"Bayan rumbu zobe ne," in ji Furera. "Sai mai ciki biyu, sai bukka, sai mai harbi da ƙafa. Gida na goma sha huɗu. Ɗaki na ɗari biyu da bakwai."

Tari ya sarƙe ta. Malam ya rubuta, yana jin kowane harafi na faɗawa gurbinsa. Kwana tara tana kwance fuska ga bango, kowa na zaton barci take.

Saura layin ƙarshe, sunan Uwaisu kansa. Wannan kam ko a mafarki Malam zai rubuta shi, amma ya ɗaga alƙalamin ya jira. Safiyatu ta dube shi, ta dubi asabarin.

"Gwafa," Furera ta ce a hankali. "Mai ciki biyu. Bukka. Mai hula. Jinjirin wata." Ta ja numfashi. "Gwafa."

Malam ya barbaɗa yashi a kan tawadar, ya hure, ya miƙe. Ham na biyu ya tashi.

"Yi sauri, Malam," in ji ta. "Kar motar nan ta tafi ta bar ka."