Tafi Ɗaya Gaban Kyamara

Aji uku na yi a makaranta, sauran sanina a bariki na tsinto shi. Da na aje kaki da muƙamin saje sai na buɗe shagon intanet a Rikoto, kwamfuta biyar, kowace da halinta. A 2008 'yata Saloma ta dawo daga jami'a, ta duƙufa rubuta manhajar da za ta ɗauki hoto da murya ta aika nan take, ko wace irin kwamfuta mutum ke da ita.

Abokina Haggai ya fi kowa jiran aikin nan. Ƙarar igwa ta cinye masa rabin ji, sai ya haɗa ɗan abin da ya ji da motsin leɓe yake gane magana. Waya ba ta yi masa rana. Ɗansa Sila na aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan, shekara guda ba su zanta ba. An yi wa Sila alkawarin minti goma ranar Asabar a kwamfutar wani hafsa mai aiki da tsarin Linux, mu kuwa namu tsarin Windows ne.

Ranar Laraba muka gwada a shago, Saloma na magana daga wancan tebur, Haggai na kallon ta a kwamfuta. Baki ya motsa, murya ta biyo baya tana jan ƙafa.

"'Yarka na tauna magana kafin ta sako ta," in ji Haggai. "Ban kama ko ɗaya ba."

"Baba, kyamara agogonta daban, makirfo nasa daban," in ji Saloma. "Kowace kwamfuta da irin jinkirinta, ni kuma ban san tazarar ba."

"Tazara ai aunawa ake yi," na ce mata. "A daji in mun ga walƙiyar igwa, ƙirgawa muke har ƙarar ta iso."

Na tsaya gaban kyamara na tafa sau ɗaya. "Nemo hoton da hannuwana suka haɗu, ki nemo inda ƙarar ta faɗo. Abin da ke tsakani shi ne laifin injin, sai ki cire."

Ta dube ni, ta jawo kujera. Kwana uku ina tafi gaban kowace kwamfuta har tafin hannuna ya yi ja, masu kabu-kabu na leƙowa suna tambaya ko Saje ya buɗe coci ne.

Asabar da hantsi Sila ya bayyana a fuskar kwamfuta, ya rame, ya yi baƙi. Saloma ta rubuta masa ya tafa sau ɗaya. Ya tafa. Manhajar ta auna, ta gyara.

Da yarenmu Sila ya gaida uban, ya tambayi labarin dawa.

"Ta yi kyau, rumbu biyu muka cika," in ji Haggai, ba tare da ya ce a maimaita ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ture ni da gwiwar hannu. "Matsa can, Saje, kana tare mini bakin ɗana."