Indararo Mai Fuskar Mahaut

"Ba dubiya na zo ba," in ji Mahaut, ta banko ƙyauren da ƙafa. "Aubri, kafin ka mutu ka sa a fasa shi."

Maƙwabcin nata, masassaƙin dutse, yana kwance kan ciyawa, ƙurar aikinsa ta gama cinye masa ƙirji. Matarsa Aalis ta miƙe za ta tare ta, ya ɗaga mata hannu.

Rigimar ta daɗe. Da aka rushe tsohuwar majami'ar nan mai duhu, aka ce sabuwar sai ta yi tsawo, gilashi ya ci rabin bango. Saboda haka aka tokare ta daga waje da manyan ƙafafun dutse, ɗaya kuwa ta sauka a tsakiyar lambun kabejin Mahaut. Ta riƙa fitowa kullum tana tsine wa magina, Aubri na cikinsu yana ta sassaƙarsa. Ranar da aka sauke katakan hawa, gari ya ga sabon indararon dutse da ya sassaƙa a saman ƙofar arewa ta majami'ar: hancinta ne, da haɓarta, ga baki wangame. Har jikarta ta taɓa tambayarta ko ita ce ke tofa ruwan sama. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"A fasa?" Aubri ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Haba maƙwabciya, ai duk aikina babu kamarsa. Waliyyan nan da na sassaƙa, ƙago su na yi. Ke kuwa da idona na gan ki."

"Mugun tsoho! Ka shirya amsar da za ka ba Ubangiji."

"Zan ce Masa ya leƙo ya duba ko na ƙara wani abu. Ni zan ruɓe, ke ma haka. Bakin nan kuwa babu mai rufe shi."

Bai kai yamma ba ya cika.

Washegari aka ɗauko shi cikin ruwan sama, aka nufi ƙofar arewa, don ita ce ta mutanen layinsu. Masu ɗauka suka ƙara sauri, amma ina! Ruwan indararon ya zubo a kan likkafanin, daidai fuska. Aalis ta fasa ihu.

Mahaut, da ta yi shekaru tana wuce wurin kai a sunkuye, ta ɗaga ido sama.

"Ƙara masa," ta ce wa indararon a hankali.

Aka shige da gawar, aka rufe ƙofa. Ita dai tana nan tsaye, kallabinta ya jiƙe, ruwa na ɗiga daga leɓen dutsen.