Minti Hamsin na Malam Boysen

Shekara ashirin da bakwai Sönke Boysen ya yi yana koya wa yara cewa wata ne ke jan teku, kuma kullum janyewar ruwa na makara da kusan minti hamsin a kan ta jiya. Shi ma kullum a makare yake, har wata takwas da suka wuce matarsa Wiebke ta gaji da jira, ta tattara kayanta ta koma gidan mahaifiyarta a tsibiri.

Ranar Juma'a ta kira shi. "Ka zo ranar Lahadi mu ci abincin rana, mu yi magana. In ka makara, Sönke, ba sai ka zo ba."

Hanyar tsibirin ɗaya ce a wannan lokaci na shekara: keken doki mai bi ta kan laka idan teku ta ja baya. Akwai jadawali manne a ko'ina, amma malamin kimiyya bai ga dalilin karanta abin da shi ke koyarwa ba. Ranar Asabar keken ya tashi tara da minti goma. Ya ƙara hamsin ɗinsa, ya samu ƙarfe goma.

Ranar Lahadi, goma saura kwata ya iso bakin gaɓa, da wainar tuffa a kwali, da rigar da ta daina rufe tumbinsa. Rabonsa da isa wani wuri kafin lokaci har ya manta. Ba doki, ba keke, sai sawun taya a laka, ruwa na cike su a hankali.

Gesche, tsohuwar ɗalibarsa mai sayar da burodi da kifi a rumfar gaɓa, ta leƙo.

"Malam Boysen, wa kake jira?"

"Keken ƙarfe goma."

"Ai ya tashi tun tara. Ga su can, kamar ƙudaje."

"Ba zai yiwu ba. Jiya tara da minti goma, a ƙara hamsin..."

"Malam, daren jiya aka mayar da agogon ƙasar nan baya da awa ɗaya, kamar kowace shekara in sanyi ya gabato. Ko ka sanar da watan da ke sama?"

Ya dubi wayarsa. Ita ta gyara kanta yana barci, shi kuma ya tashi yana mamakin yadda ya huta sosai. Ya zauna a kan benci, kwalin a cinya.

"Ni fa ka kayar a wannan darasin," in ji Gesche, tana zuba masa shayi. "Ka rubuta mini da jan biro wai ba na lura."

"Kin riƙe abin a zuciya."

"Shekara goma sha tara kawai."

Janyewa ta gaba sai bayan awa goma sha biyu da ɗoriya, cikin duhu, kuma ba mai fito da doki a lokacin. Ya sha rabin shayin kafin ya iya kiran Wiebke.

"Na ga keken ya iso," ta ce. "Na ƙirga kawuna."

"Yau da wuri na zo, Wiebke. Agogo ne..."

"Ka yi lissafinka, ko?"

"Na yi."

Yana jin ƙarar faranti, wataƙila nasa take mayarwa kan kanta. Ruwa ya shanye sandar farko cikin waɗanda aka kafa a laka don nuna hanya.

"Na gaji, Sönke."

"Ni ma. Na zo da wainar tuffa."

"Kai ka yi?"

"Na saya."

"To gara haka." Ta ja numfashi. "Gobe ƙarfe nawa keken zai tashi?"

Bakinsa ya fara motsi, tara, a ƙara hamsin.

"Kada ka lissafa," in ji ta. "Ba wa Gesche wayar."

Ya miƙa. Gesche ta goge hannu a zanen gabanta, ta juya baya tana karanta jadawalin da ke manne a bango da yatsa, layi bayan layi.