Ashirin da Bakwai Cikin Hamsin

Yayata ta shekara goma sha ɗaya tana shara da goge-goge a asibiti, kuma in gaskiya za a bi, ta fi wasu masu fararen kaya sanin aikin. Takarda ce kawai babu. Da aka buɗe kwas na mataimakan jinya ta shiga, ta faɗi har sau biyu. Dokar makarantar kuwa sau uku ake zama jarrabawar. In ba a kai maki sittin a na ukun ba, an rufe ƙofa ke nan.

Wata Asabar da rana na je gidanta, na tarar ta ɗaure littattafanta da igiya a kan teburin guga, wai za ta ba maƙwabciyarta. Saura kwana goma jarrabawar ƙarshe, amma ta ce ba za ta je ta sake zubar da girmanta ba. Tunda ta ga maki tara ta ci a gwajin bana ta san ta ƙare, don a zatonta sittin ɗin nan duk a jarrabawar ƙarshe za ta nemo shi.

Raina ya ɓaci, amma da kaina. Lissafi nake koyarwa a sakandare, kuma matar nan ce ta bar makaranta daga aji shida ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. A ce tana ta fama da wannan ita kaɗai ban sani ba.

Na karɓi takardar sakamakon na juya bayanta. Gwaji maki ashirin ne, ta ci tara. Aikin hannu a ɗakin marasa lafiya talatin ne, ta ci ashirin da huɗu. Talatin da uku ke nan a hannu, jarrabawar ƙarshe kuma hamsin ce.

Na ce, "Yaya, ashirin da bakwai kike nema, ba sittin ba."

Sai da ta ƙirga da yatsu kafin ta yarda ba lallashinta nake ba. Duk da haka fuskarta ba ta sake ba. Ta ce bara ashirin ta ci, bara waccan sha tara, don haka ashirin da bakwai ɗin ma ba nan kusa yake ba.

Na kwance igiyar na buɗe littafin da take gwada tsoffin tambayoyi. Nan na ga ciwon. Rubutun Yaya kamar na injin ɗab'i yake. Sai ta ja layi da rula, ta kwafe tambayar kaf, ta ja wani layin a ƙarƙashi, sannan ta fara amsa a natse. Tambaya biyar ake bayarwa, kowace maki goma, cikin awa biyu. Ita kuwa baiwar Allah biyu take gamawa, ana ba ta takwas ko tara a kowace, tana kama ta uku lokaci ya cika.

Na sake lissafa mata. Tambaya huɗu, bakwai-bakwai, ashirin da takwas. Rabin awa kowace. Ba rula, ba kwafe tambaya, lamba kawai za ta sa ta zuba abin da ta sani, ko da a karkace ne.

Ta shafa shafin. Ta ce a aji shida malaminsu littafinta yake ɗagawa ya nuna wa 'yan aji saboda kyan rubutu.

"Auta, rubutun nan kaɗai na fito da shi daga makaranta. Shi za ki ce in lalata?"

Tausayinta ya kama ni har na kasa kallonta. Da ƙyar na ce, "Na awa biyu ne kawai, Yaya."

Kwana goman nan mun sha faɗa. Tana tasowa daga aiki nake saita agogon waya, yana kaɗawa in fizge takardar ko tana tsakiyar kalma. Ta ce min azzaluma, ta ce Allah ya ji ƙan ɗalibaina, ranar Laraba ma sai da ta kore ni daga gidan. Washegari ita ta kira ni tana tambayar me ya hana ni zuwa.

Ranar jarrabawa ta fito fuska a murtuke. Ta gama huɗu har ta taɓa ta biyar, amma wai kunyar mai dubawa take ji, rubutun kamar kaji sun yi tono.

Bayan wata guda sakamako ya fito. Ashirin da tara. Ta san amsar sarai, amma ta sa na tara mata sau biyu a gabanta, sittin da biyu, sittin da biyu. Ta zauna a bakin gado ta yi kukanta, ni ma na taya ta. Da ta share ido sai ta tambaye ni kwas ɗin da ke gaba da wannan, na cikakkiyar jinya, maki nawa suke nema. Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To ki tambayo min gobe. Shekarata arba'in da huɗu ne kawai."