Yabon da Ya Kwantar da Fauziya

Duk unguwar New Bell ta Douala an san Madam Jannatu da son yaran da sauran malamai suka gaji da su. Ba daƙiƙai ba, a'a, irin waɗanda ke gama aiki kafin malami ya ajiye alli, sannan su juya su hana kowa sakat. Ta yi shekaru tana koyarwa a aji mai cike maƙil kafin ta shawo kan shugaban makarantar ya ba ta wani ɗan ɗaki a bayan ofis, inda take tara irin yaran nan da yamma. In an tashi sai ta biya wajen Baffa Tanko mai tsire ta karɓi ƙunshinta, yaji ya fi nama yawa, ta ci a tsaye tana sauraron gulmar unguwa.

A cikin yaran nata babu kamar Fauziya. Da can sunanta mai taurin kai, don takan rubuta amsar lissafi tsirara ba tare da nuna hanya ba, malamai kuwa su ce satar amsa ta yi. Sai da Madam ta daɗe tana lallashi kafin yarinyar ta yarda cewa kanta ba abin kunya ba ne. Ita ta sa sunanta a gasar lissafi ta makarantun Douala, wadda duk yaron da ya ci za a ba shi gurbi a babbar kwaleji. Ranar Asabar za a yi.

Sai baki ya yanka wuya. A taron iyaye daɗi ya kwashi Madam, ta tsayar da Fauziya a gaban jama'a, ta yi ta zuba yabo da Faransanci: ba ta taɓa ganin ƙwaƙwalwa irin wannan ba, wannan yarinya ta fi kowa. Aka yi ta tafi. Ko tubarkalla ɗaya ba ta faɗa ba, ita da aka haifa a unguwar Hausawa. Washegari zazzaɓi ya kwantar da Fauziya.

Damina ce, kwatocin New Bell sun cika, sauro har da rana cizo yake. Asibiti suka ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, suka ba da magani, yarinya ta warware. Amma kakarta Hajiya Mairama, wadda ita ke riƙe da gidan, ta ce ita ta san baki in ta gan shi. Ta yanke hukunci: ba ajin yamma, ba gasa.

Madam ta hau bensikin, wato acaɓa, har kasuwar Mboppi wajen uban Fauziya. Ya saurare ta yana ninke atamfa, sannan ya ce, "Madam, vraiment, gaskiya na gane. Amma ni ba na musu da tsohuwata."

Don haka ranar Alhamis ta tattara ƙarfin hali ta nufi gidan, da dogon bayani a kan sauro a bakinta. Ta tarar da Hajiya a ƙarƙashin rumfa, matan maƙwabta sun kewaye ta suna tsinkar ganye. Aka gaisa, gaisuwar Hajiya a daƙile.

"Ashiya, sannu, Hajiya. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Ke da bakinki, 'yar nan, kika tsayar min da jika gaban duniya kamar akuyar sayarwa. Kowa ya zuba mata ido. Yanzu kuma so kike in kai ta inda idon ya fi yawa?"

Madam ta dubi tsohuwar, ta ga ba faɗa ba ne a fuskarta, tsoro ne zalla. Nan take ta haɗiye bayanin sauro. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. Ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda har na bayan katanga zai ji.

"Hajiya, abin da ya kawo ni ke nan. Magana na zo janyewa. Ran nan surutu ne kawai irin na malamai. Wace ƙwaƙwalwa? Rubutu kamar kaza ta yi tono. Faransancinta kuwa sai a hankali. Kwankur ɗin ma, gasar nan, don a cike kujera kawai na sa ta, ba wanda zai ko kalle ta."

"Ai mun faɗa!" in ji wata maƙwabciya. "Ko shara ba ta iya ba."

Aka yi caa a kan Fauziya, kowa na kawo nata aibin. Kafaɗun Hajiya suka sauko a hankali. Ta san wasan, ta kuma san Madam ta san ta sani, amma an faɗa a bainar jama'a, kuma abin da take bukata ke nan.

"To, in haka ne wa zai damu da ita?" ta ce, tana karkaɗe zane. "Ta je ta cike musu kujerar."

Ya kamata Madam ta yi murna, sai dai tun tana cikin magana ta ga labulen ɗaki ya motsa, ta ga 'yan yatsun ƙafa a ƙasansa. Fauziya ta ji komai. Yarinyar da ta sha wuya kafin ta yarda da kanta, yau ga malamar tata da bakinta ta rushe komai. Me amfanin kai yaro gasa in ya tafi da karyayyar zuciya? Ta yi sallama ta fito, tana tsallake ruwan da ya kwanta a lungu.

Ba ta kai bakin titi ba ta ji takun silifa a bayanta. Fauziya ce, ta rame, mayafi a karkace, tana haki.

"Madam!"

"Fauziya, tsaya in yi miki bayani. Abin da kika ji..."

"Kin manta ki ce ina da rowa," yarinyar ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana waiwayen gida. "Hajiya ta fi yarda da wannan. Ranar Asabar in zo da kamfas ɗin lissafi, ko za su ba mu a can?"

Madam ta jingina da bangon wani shago, ta yi dariya har hawaye suka zubo mata.

"Ki zo da naki," ta ce. "Tunda ke ba ki ba da aro."