Kuskuren Manomi A

Dakta ya raba ɗaliban rukuni huɗu, ya haska jadawali da hoton wata gona mai rijiya a bango. Tun da jami'a ta yanke cewa karanto littafi a gaban aji tsohon yayi ne, ya koma koyar da tattalin arzikin noma da labarin gaske: a kawo manomi, a ɓoye sunansa, ɗalibai su feɗe shi har wutsiya. An ba shi lambar yabo a kan haka, tana rataye a ofis.

Manomi A, in ji jadawalin, ya yi shekara tara a jere yana sayar da masararsa kaf a makon girbi, lokacin da ta fi arha, alhali yana da rumbu.

"Ina kuskurensa?" Dakta ya tambaya.

"Gajen haƙuri," in ji wani mai tabarau.

"Ko dai rumbun na kaji ne, Dakta?" wata ta jefo. Aka yi dariya.

Rukuni na huɗu suka tura wakiliyarsu. 'Yar yayan Dakta ce, jiya ta dawo aji, mako biyu da binne mahaifinta. Tun bara Dakta ya tsara darasin. Da safe ya tuna tana ajin, sai ya ce wa ransa ai an ɓoye suna.

"Jadawalin bai cika ba," ta ce. "Babu watan rajistar makaranta."

"Ba ya cikin bayanan da aka ba ku."

"Tare yake zuwa da girbi. Manomi A yana da ƙane a jami'a. Digiri na farko, na biyu, na uku. Shekarar da ƙanen ya gama, ya fara ajiye masararsa kamar kowa." Ta kalli hoton. "Da rijiyar na gane, Baba. A nan na koyi jan guga."



Mai tabarau, wanda ya duƙufa kan rubutu har bai ji kalmar "Baba" ba, ya ɗaga hannu. "To shi ƙanen, ya amfane shi da wani abu daga baya?"

"Wannan sai Dakta," ta ce, ta zauna.

Dakta ya dubi rijiyar. Sau biyu ya je gonar cikin shekara goma, na biyun don ya ɗauki hoton nan.

"Tambaya mai kyau," ya ce. "Ku tattauna a rukuninku. Minti goma."

Aka shiga jan kujeru. Ita ba ta juya tata ba.