Gurbin da Baba Ya Bari

Baba mai ɗaukar hoto ne tun kafin a haife ni, yanzu kuma idonsa na dushewa. Likita bai ɓoye masa ba, ganin tafiya yake yi, ba zai dawo ba. Bara ruwa ya ci shagonsa, hotunan takarda duk suka lalace, sai waɗanda ya riga ya kwafe a kwamfuta. Ni na rubuta masa shafin da ke ɗauko su daga ma'ajiya, ya baje su manya-manya a allo.

Ran nan da hantsi ya kira ni ɗakinsa. Na same shi ya kusa manna hanci da allon.

"Auta, kowa na nan, har telan nan mai kunnuwa kamar faifai. Ina uwarki?"

Mama ta rasu, kuma ba mu da hotonta a ko'ina sai nan.

Na zauna bakin gado na bi rubutun umarnin shafin layi-layi. Babu kuskuren da ya bayyana, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, gara a yi maka ihu da a yi maka shiru. Sai na leƙa ma'ajiyar kanta, na ga hotunan ciki sun fi na allo yawa. Ashe umarnin da na ba shafin shi ne ya haɗa kowane hoto da sunan kwastoma. Wanda ba shi da kwastoma, sai ya tsallake shi ko uffan.

"Baba, da kake shigar da hotunan Mama, me ka sa a gurbin kwastoma?"

Ya juyo ransa a ɓace. "Ban sa komai ba. Uwar taki ce kwastoma? Ke ma dai da wata magana."

Layi ɗaya na gyara. Sai ga ta: tana shanya, tana goye da ni, tana dariya ta kare baki da hannu don ta tsani a ɗauke ta. Kuka ya ƙwace mini.

Shi bai yi kuka ba. Ya ce in ƙara girman na dariyar. Na ƙara, ya ce in ƙara, har fuskarta ta cika allon.

Na kai hannu zan wuce na gaba, ya riƙe ni.

"Bar shi nan, Auta. Haddace ta nake yi."